Falmaran mai aljihu goma sha bakwai

Shekarun baya, ina aji biyu a ƙaramar sakandare, matar yayana ta haifi ɗansu na fari. Yayana mai ɗaukar hoto ne a Sabon Birni, biki da suna da saukar karatu duk shi ake kira. To amma ranar sunan ɗansa ba zai yiwu angon ƙarni ya riƙa tsugunne-tsugunne da kyamara yana ce wa mutane su matso ba. Sai ya ce ni za ni ɗauka.

Ya gaya mini ko na ɓata hotunan ranar duka ba komai, ban da guda ɗaya. Kakanmu na Gangara ba ya yarda da hoto. Hotonsa ɗaya ne a duniya, na katin zaɓe, shi ma ya ɗaure fuska kamar an ce masa shanu sun shiga gonarsa. Da ƙyar mahaifinmu ya shawo kansa ya yarda zai zauna da jaririn a cinya, mahaifinmu da yayana a gefensa. Ya kafa sharaɗi: sau ɗaya, kafin azahar, kuma kada wani ya ce masa ya yi murmushi.

Ni kuwa a lokacin ba hoton ne ya dame ni ba, shigar da za ni yi ce. Na sha ganin 'yan jarida a talabijin da falmaran mai aljihuna, na ce wallahi ba za ni fita kamar ɗan aike ba. Yayana ya ce ba laifi, in je kasuwa in nemo, amma mai aljihu uku ko huɗu: batirin canji a dama, katin memori a hagu, sai ƙyallen goge gilashi. Na ce to, kamar na ji.

Mai gwanjon da na je wurinsa daga Maraɗi yake kawo dila. Ya fara miƙo mini wata ruwan toka mai aljihu huɗu, daidai ni, daidai maganar yayana. Na sa na dubi madubi, sai na ga maigadin makarantarmu. Na cire. Da ya fahimci irin yaron da Allah ya kawo masa, sai ya tura hannu can ƙasan dila ya zaro wata mai ruwan kaki. Jama'a, aljihu a kan aljihu, zif ta ko'ina, ga ƙugiyoyi, ga raga a baya. Ya ce jile ake kiranta, manyan 'yan jaridar Faransa ba su sa wata sai ita. Na ƙirga aljihu goma sha bakwai. Ya rage murya ya buɗe cikinta ya nuna mini wani ƙarami a ƙarƙashin hammata, ya ce wannan ba ya cikin lissafi, na sirri ne. Falmaran ɗin ta kusa kai mini gwiwa, amma ban ko yi dogon ciniki ba.

Yayana ya juya ta gaba da baya, ya ce ta masu kamun kifi ce. Na ce hassada ce.

Ranar suna da asuba na shirya. Batirin canji shi ne abu mafi daraja, don haka na cusa shi a aljihun sirri, na ja zif, ina jin kaina kamar wanda ya ƙera jirgi. Muka hau babur zuwa Gangara.

Abin da ban lissafa ba shi ne matan gidanmu. Mata a gidan suna ba su da aljihu, sai bakin zane, shi ma ya cika. Ina shiga gwaggona ta ce masha Allahu, zo nan ɗana, ta zuba mini makullan ɗakinta. Mahaifiyata ta ba ni ajiyar goron rabo da ya rage. Wata ta cire ɗankunne ɗaya da ke cizon ta, wata ta ba ni waya, wata safar jariri, wata ƙullin daddawa da ta sayo wa maƙwabciyarta. Kowacce sai ta ce riƙe mini, yanzu za ni karɓa. Ni kuma ina jin daɗi, don kowa yana yaba rigar. Kafin hantsi ina tafiya ina kacau-kacau kamar jakin masu tallar kwanoni. Ban bar kowa ba, har ragon suna sai da na yi masa hoto goma sha biyu.

Rana ta take tsaka aka ce tsoho ya fito. Aka shimfiɗa darduma a gindin dogonyaro, aka ɗora masa jariri, mahaifinmu da yayana suka zauna. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai, mijin tsohuwa, farauta za ka ko hoto?"

Na ce masa ya gyara zama kawai, yau zai ga aiki. Na durƙusa, na saita, na danna. Kyamara ta nuna jar wuta sau biyu ta mutu. Rago ya cinye batir.

Yayana ya kalle ni irin kallon da ya fi duka zafi. Na ce ai akwai na canji, na tura hannu a aljihun dama, inda ya ce in sa. Goro. Na hagu, makullai. Na sama, dabino. Wallahi na manta da aljihun sirri kamar ba a taɓa ɗinka shi ba. Na shiga zazzage kaya a kan darduma: ɗankunne, safa, alewa, ashana, tazbaha da ban san mai ita ba har yau. Wayar wata ta fara ƙara a bayana, na yi ta juyi ina neman ta kamar kare mai bin wutsiyarsa. Ƙullin daddawa ya kwance, wari ya gauraye wurin. Can a masallaci na ji ladan yana gwada lasifika, fuu, fuu. Tsoho ya fara laluben takalminsa da ƙafa. Idona ya cika da ƙwalla, don na san in ya tashi an gama ke nan.

Sai ya tsaya. Ya yi shekaru yana fataucin goro zuwa Nijar, ya san inda matafiyi yake ɓoye abin da yake tsoron rasawa.

"Wanga yaro, in kai jikana ne, ba waje ka sa shi ba. Laluba ƙarƙashin hammata."

Na laluba. Ga batir.

Ban san ko fuskata ce ko tulin kayan da ke gabansa ba, amma tsohon nan ya fashe da dariya, irin wadda mahaifinmu ya ce rabon da ya ji ta tun yana yaro. Na sa batir na danna sau ɗaya, daidai lokacin da aka fara kiran salla. Ya miƙa jariri, ya sa takalmi, ya ɗauki goro ɗaya a cikin kayan ya ce ladan nuna hanya ne.

Hoton ya ɗan karkace, kuma a ƙasansa ana ganin makullan gwaggo da rabin ƙullin daddawa. Amma ga kakana baki buɗe, tsagen Gobirawan da ke kumatunsa duk sun naɗe don dariya. Allah ya yi masa rasuwa bayan damina biyu, kuma yanzu babu ɗakin da za ka shiga a danginmu ba ka ga hoton nan a bango ba. Yayana ya so ya yanke daddawar, mahaifinmu ya hana.

Har yanzu ina ɗaukar hoto idan an yi hutu. Na koma wurin mai gwanjo na sayi irin ta maigadin, aljihu huɗu, kuma duk wanda ya ce riƙe mini sai in ce a cike suke. Na gane cewa amfanin aljihu shi ne hannunka ya san abin da ke ciki ba sai kanka ya yi tunani ba. Jile kuwa ba ta yi ritaya ba. Mahaifiyata ta rataye ta a ƙusa a madafa, gishiri a dama, barkono a hagu, kowane aljihu da aikinsa. A na sirrin take ɓoye mini ƙuli-ƙuli, tana zaton har yanzu ban tuna da shi ba.