Ranar da Na Wanke Karan Damben Maigidana

Tsufa ya cinye mini abubuwa da yawa. Jiya ma sai da aka tuna mini cewa na riga na yi la'asar. Amma ranar da na wanke karan damben maigidana, wannan kam har a rufe ni da ƙasa ba zan manta da ita ba. Jikokina maza ne suka tono mini ita. Sun cika mini tsakar gida da musu a kan wane ne gwanin 'yan damben duniya, wane ne na biyu, wane ne na uku, alhali babu wanda ya taɓa shan ko mari mai kyau a cikinsu. Ina jin su sai ga hawaye. Na ce wa jikata ta ɗauko takarda, ni in faɗa ita ta rubuta, tunda ban yi boko ba. Sunan maigidan nawa kuwa ba za ku ji ba. Yana raye ban kira shi ba, ba yanzu da ya shekara biyu a kabari zan fara ba. Allah ya jiƙansa, ya yi masa rahama.

Zamanin Turawa ne, garin nan namu shi ake ce wa Abuja, tun kafin a ba babban birni sunan, ba a daɗe da dawowar sojojin yaƙin Bama ba. Ni 'yar manoma ce daga Garam, aka kawo ni gidan mahauta ina amarya. A gidanmu doya muka sani da dawa. A gidansu kuwa in ba zancen nama ake ba, to na dambe ake.

A lokacin jerin gwanayen dambe ba a takarda yake ba, a bakin wani tsohon makaɗin kalangu yake. Kafin a fara kowane wasa sai ya kira mutum biyar, ɗaya bayan ɗaya, dukkansu sun daɗe da mutuwa. Na farko an ce da naushi ɗaya ya kashe sa. Lokacin da na zo garin ɗan maraƙi ne, kafin in yaye ɗana na fari ya zama bijimi mai tozo, daga baya har na ji ana cewa bijimai biyu ne. Na biyu an ce ya yi dambe da aljani a gindin Dutsen Zuma, kuma babu wanda ya gani sai shi da aljanin. Na uku da na huɗu kullum cikin musayar wuri suke, ya danganta da dangin da suka fi aika wa tsohon da tsire a makon nan. Na biyar kuwa babu mai iya faɗin abin da ya yi, amma kowa ya san ƙanin matar makaɗin ne.

Duk da haka mazan garin nan a kan jerin nan suke mutuwa. Ƙa'idarsu ita ce, wanda ya yi kaka bakwai a jere ba a kai shi ƙasa ba, zai shiga, a cire na biyar. Maigidana ya yi shida. Wannan ce ta bakwai, kuma wasa ɗaya ya rage masa, da wani dogon tsohon soja daga Izom. Tun yana ɗan saurayi abin da yake wa wahala ke nan. Yana cin tuwo zai ɗago kai ya ce, "Amarya, bana za ki ji mijinki a bakin kalangu." Ni kuwa sai in sunkuyar da kai, a zuciyata ina cewa ko sunan za mu zuba a miya.

Saura kwana uku wasan, na tashi da niyyar nuna wa dangin miji cewa an kawo mace mai tsabta. Ina cikin share ɗakinsa na ji wani wari daga sama. Na taka turmi na sauko da wata ƙwarya a rufe. A ciki na tarar da doguwar igiya da tsumma, baƙi ƙirin, sun ƙame kamar busasshiyar fata. Na ce Allah sarki gwauro, dubi abin da yake kwana da shi. Na kwasa na nufi rafi da sabulun salo. Na jiƙa, na buga a kan dutse, na cuɗa, sai da na canza wuri sau uku saboda yadda ruwan ke baƙi. Wallahi ban taɓa wanki mai kyau irin wannan ba. Igiyar nan ta fito fara tas, na dawo na shanya ta a kan danga ina jiran yabo.

Matar wansa ce ta fara gani, wadda nake ce wa Yaya. Ta shigo da faifan gari a hannu, sai faifan ya faɗi.

"Ke 'yar Garam! Mene ne wancan?"

"Igiya ce, Yaya. Na wanke masa ne."

"Igiya? Kin kashe mu! Karansa ne na dambe, wanda yake naɗewa a hannu. Shekara shida yana ba shi magani, yana ba shi jinin maza, ke kika kai wa kifi a yini ɗaya!"

Ta ja ni bayan rumbu ta gaya mini abin da babu wanda ya tuna ya gaya wa amarya. Mace ba ta taɓa kara, ba ta ko tsallake shi. Ta ce akwai wadda ta tsallake na mijinta cikin rashin sani, aka kai shi ƙasa, washegari aka mayar da ita gidan ubanta, makaɗa suka sa ta a waƙa, har ƙosanta aka daina saye. Na fashe da kuka. Ta ce, "Rufe mini baki, kuka ba ya mayar da dauɗa. Ɗauko daddawa."

Haka muka zauna, ni da Yaya, muna haɗa wa gwanin dambe magani. Muka shafa wa igiyar baƙin tukunya da man kaɗanya. Muka murza mata daddawa don wari. Gidan mahauta ba a rasa jini, Yaya ta samo na akuya muka yayyafa. Muka rataye ta saman murhu kwana biyu tana shan hayaƙi, in ya shigo mu rufe ta da tsohon zane. Da ta ƙame Yaya ta shinshina, ta yamutsa fuska ta ce, "Ya ma fi na da." Na mayar da ƙwaryar inda take.

Ranar wasan bayan la'asar filin bayan kasuwa ya cika. Har Baturen da ke mulkin ƙasar ya zo, aka ajiye masa kujera a inuwa, yana ta fifita da hularsa. Amarya ba ta zuwa kallon dambe, amma na lulluɓe na bi Yaya da tiren gyaɗarta, na laɓe cikin mata masu talla. Tsohon ya buga kalangu ya kira matattunsa biyar. Daga inda nake na hango maigidana ya buɗe ƙwaryar. Ya ɗaga karan, ya tsaya. Ya kai shi hanci. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙa hannunsa aka naɗe masa, ya shiga fili.

Turmin farko, wato zagayen farko, babu kisa, na biyu ma haka. Maigidana gajere ne, mai sauri, sai ya shige ƙarƙashin sojan ya zuba masa a haƙarƙari ya fito. Mutane na ta ihu. Har na fara cewa ashe daddawa ma magani ce. A turmi na uku sojan ya yi kamar zai kawo ƙafa, maigidana ya sauke hannun da yake karewa da shi, sai naushi ya same shi a gefen kunne. Na ga gwiwarsa ta taɓa ƙasa, hannunsa ya biyo. A dambe in haka ta faru an kashe ka ke nan. 'Yan Izom suka ɗaga mutuminsu sama. Namu suka yi tsit, kamar an yi mutuwa da gaske.

To, akwai wata al'ada ta mahautan garin nan. In gwanin da ya daɗe bai faɗi ba ya faɗi, Sarkin Pawa kan tambaye shi a gaban jama'a ko an ɓata masa kara. In ya ce an ɓata, aka kuma san wanda ya ɓata, ba a ƙirga faɗuwar, sai a sake wasan wani mako. Sarkin Pawa ya fito, makaɗin na bayansa. Ya kama hannun maigidana ya shinshina karan, ya ɗaga gira.

"Yaro, tun kana goye na san ka. Wannan karan naka wani hannu ya taɓa shi?"

Yaya ta danƙe mini yatsu har suka yi ƙara.

"Babu hannun da ya taɓa shi sai nawa, ranka ya daɗe."

"Ka yi tunani. Ni dai hancina na jin ƙamshin miya."

Wasu suka yi dariya. Makaɗin ma, da alama ya gaji da surukinsa, ya ce, "Faɗi gaskiya mana, ɗana. Kalma ɗaya ce, shekarunka shida su dawo maka."

Jini na zuba daga kunnen maigidana. Ya share da kafaɗa ya ce, "Baba, na ci tuwo ne ban wanke hannu ba. Mutumin Izom ya fi ni yau, shi ke nan."

Sau uku aka tambaye shi, sau uku yana faɗin haka. Sarkin Pawa ya saki hannun ya juya. Ƙanin matar makaɗi ya ci gaba da zama na biyar a kabarinsa.

Na riga shi isa gida, na ɗora ruwan zafi. Da magariba ya shigo, fuska ta kumbura, ido ɗaya a rufe. Ya zauna a bakin ƙofa, na durƙusa ina gasa masa. Ya bari sai da na gama. Sannan ya jefo mini karan a cinya.

"Amarya, in za ki sake haɗawa, ki rage daddawa. Duk filin nan miyar kuka nake ji."

Na faɗi a gabansa ina kuka ina cewa ya yafe mini. Ya ce, "Ni mahauci ne fa. Kina tsammani ban san jinin akuya ba? Ko ta wane gida ce zan iya gaya miki."

Na ce, "To me ya sa ka shiga, tunda ka sani?"

"Da na fasa, da an tambaye ni dalili."

"Ni ce na kayar da kai ko?"

Ya taɓa kunnensa ya yi 'yar dariya, dariyar ta sa shi ciwo. "Wa ya sani? Mutumin nan hannunsa taɓarya ce. Tashi ki zuba mini tuwo, mai laushi, haƙorina na motsi."

Bai sake samun kaka bakwai ba. Ya ƙara shekara biyu a fili ya bari, kunnen nan kuma bai sake ji da shi sosai ba har ya koma ga Allah. Duk shekara in aka buga kalangu ana kiran mutum biyar ɗin nan, nakan ga ya juya baya, ya ci gaba da wasa wuƙarsa. Ya so abin nan, kada wani ya ce bai so ba. Mun yi zaman aure fiye da shekara hamsin. Mun yi faɗa a kan gishiri, a kan 'ya'ya, a kan danginsa masu zuwa ba sa tafiya. Ya kira ni mai taurin kai, na kira shi kurma. Amma ko sau ɗaya, ko cikin fushi, bai taɓa ce mini ke ce kika hana ni suna ba. Ni nake jira ya faɗa in huta, har ya tafi bai faɗa ba. Yanzu kuwa ba ni da wanda zan yi faɗa da shi a kan gishiri, kuma wannan ne ke sa ni kuka.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, masu jera gwanaye abin da idon taro ya gani kawai suke ƙirgawa. Sun ƙirga gwiwarsa da ta taɓa ƙasa. Ba su san da kalma ɗaya zai iya tashi ya bar ni a ƙasan ba, ya ƙi. Don haka kowa ya yi jerinsa yadda ya ga dama, ya sa mai bijimi, ya sa mai aljani. A nawa jerin mutum ɗaya ne, gajere, mai kumburarriyar fuska, yana warin daddawa.