Yajin Inna Dubu Ya Zama Jabu a Hannun 'Yarta

Wata rana da hantsi, a layin masu kayan miya a wata kasuwar Kano, kafin 'yan kallo su gama taruwa magana ta riga ta yi tsami.

"Na ce miki jabu ne, Hajiya. Ɗauke min shi daga kan tebur."

"Jabu? Malam, dubi tafin hannuna. Wannan kantar ta taɓarya ce. Ni na daka shi!"

"Ko da haƙori kika tauna shi, ni dai an ce kar in karɓa."

"Wa ya ce?"

"Mai kayan."

"To ai ga mai kayan tsaye gabanka!"

Mai shagon ya dube ta sama da ƙasa, irin kallon da ake yi wa wanda zafin rana ya taɓa wa kai.

Sunan matar Tsahara. Daga Maraɗi ta taso da katan-katan na yaji, kowace roba an rubuta mata suna da jan rubutu: Yajin Inna Dubu.

Inna Dubu uwarta ce.

Matar da in ta fara daka, maƙwabta har gida na uku sai sun yi atishawa, suna yi suna sa mata albarka. Mai jego ba ta cika mai jego ba a unguwarsu sai an kai mata ƙullin yajin Inna Dubu.

Turmi ɗaya gare ta duk rayuwarta. Ya tsage ta gefe, ta sa aka ɗaure shi da wayar ƙarfe, ta ce ita da shi sai mutuwa.

Haka kuwa aka yi.

Bayan rasuwarta Tsahara ta ɗauki sana'ar. Ta fitar da yajin daga ƙullin leda ta sa shi a roba. Ta sa aka zana mata turmin nan a jiki, har da tsaguwarsa, har da wayarsa. Shi ne tambarinta.

Kuma kar ku ce sakarya ce. Ta yi wa tambarin rajista a Nijar, aka ba ta takarda mai hatimi, ta sa ta a gilashi ta rataye a falo kusa da hoton Ka'aba. Aka ce mata takardar nan tana aiki a ƙasashe da yawa masu Faransanci, har Kamaru, har Senegal.

Ta ji "ƙasashe da yawa", ta yi hamdala.

Ba ta tambayi Najeriya ba.

Wa zai tambaya? Kano ƙasar waje ce? Inda rabin danginta suke? Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, ashar ma iri ɗaya?

A Kano kuwa tana da Hambali.

Hambali ɗan kawunta ne, a Kano aka haife shi. Ubansa da Inna Dubu ciki ɗaya suka fito. Wato taubashinta ne, abokin wasan da al'ada ta ba shi izinin ya faɗa mata duk abin da ya zo bakinsa, ita kuma ba ta da ikon fushi.

Shi ke karɓar yajin yana rarraba wa shaguna.

In ya kira ta a waya, sai kun ji muryar. Can cikin maƙogwaro, kamar wanda ya haɗiyi ganga:

"Baiwataaa! An daka min yajina?"

"Yajinka? Ubangida da takalmin aro!"

"Ke dai yi ta daka. Bawa da abin hannunsa ai duk na ubangidansa ne. Wata rana za ki wayi gari ki tarar da sunan nan a aljihuna."

Sai ta yi dariya har waya ta suɓuce mata.

Ya faɗa a waya. Ya faɗa a wurin suna. Ya faɗa a gidan biki gaban tsofaffi, su ma suka yi dariya, suka ce kai, wasan 'ya'yan nan ba ya tsufa.

Da ya ce ta turo masa hoton tambarin, mai fitowa tas, zai buga allon talla, ba ta ko gama shan kununta ba ta tura.

Har da addu'a a ƙasa: Allah ya bar zumunci.

Daga nan kira ya fara ja da baya.

Yau ya ce kasuwa ta yi sanyi. Gobe Naira ta faɗi, sefa ta hau. Jibi a dakata tukuna, akwai ragowar kaya a ƙasa.

Damina ta zo ta wuce, katan ko ɗaya bai nema ba.

Ana haka sai ga saƙon murya daga wata Bakanuwa, tsohuwar mai saye, wadda 'yarta ta haihu. Murya a shagwaɓe, ana jan kowace kalma kamar cingam:

"Hajiya, wai lafiya kuwaaa? Yajin nan da in an barbaɗa a farfesu sai gumi ya karyo wa mutum, yanzu sai ka ce dusa aka shafa wa jar kala. Ni fa saboda sunan nake saya. Ko Innar ce ta tsufa hannunta ya mutu?"

Tsahara ta saurara sau uku.

Wane yaji ake sayarwa a Kano, ita da ba ta aika komai ba?

Abin da ya sa ta ɗaure kaya ta shiga mota da kanta ke nan. Abin da ya kawo ta gaban mai shagon nan ke nan.

Da ya ga ba za ta tafi ba, sai ya juya ya miƙo mata roba daga kan kanta.

"Ga na gaskiyar nan. Duba da kyau."

Ta duba.

Jan rubutun nan. Turmin uwarta. Tsaguwar nan. Wayar nan.

A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe: Hambali da 'Ya'yansa.

Ta buɗe ta sansana. Gishiri, dusa, kala. Ko atishawa bai sa ta ba.

"Lauyan Alhaji Hambali da kansa ya bi mu shago-shago," in ji mai shagon, ya ɗan sassauta murya. "Ya ce sunan nan mai rajista ne, duk wanda aka kama da wani ba nasu ba, kayansa sun tafi. Ni ina da iyali, Hajiya."

Washegari ta nemi lauya ita ma. Ta je da takardarta, da gilashin da komai, a naɗe cikin zane kamar jariri.

Lauyan ya gyara tabarau. Ya ja wani "ehmmm" mai tsawon igiyar rijiya. Ya juya takardar, ya yaba hatimin.

"Takarda ce mai kyau, Hajiya. Sai dai ba ta da ƙafar tsallako iyaka. Ke kin wuce Jibiya, ita a can ta tsaya."

"Kamar yaya?"

"Tambari, ƙasar da aka yi masa rajista nan yake da uba. A nan Najeriya, ke kamfanin ƙasar waje ce."

"Ni? Ƙasar waje? A Katsina aka binne cibiyar kakana!"

"Allah ya ji ƙansa."

"Wato kamar 'yan Sin masu kawo atamfa?"

"A idon doka, ehmmm, layinku ɗaya."

Ya yi mata bayani dalla-dalla. Hambali ya kai tambarin ofishin rajista a Abuja da sunan kamfaninsa. Ofis ya buga shi a mujallarsa, ya ba da wa'adi ko akwai mai ja. Ba wanda ya ja. Wa'adi ya cika, aka ba shi shaida.

"Wa ke karanta mujallar Abuja a Maraɗi?"

"Shi ya sa baƙo yake ɗaukar wakili a ƙasar da zai kai kaya, ya yi masa rajista tun kafin katan na farko ya sauka, ya kuma riƙa sa masa ido."

"Ai ina da wakili."

"Wa?"

Sai ta tuna sunan da ke can ƙasan robar nan.

Ya ce ba wai babu hanya ba. Ana iya zuwa kotu a nuna ita ta fara, a nuna ya san nata ne ya ɗauka. Ana iya cin nasara. Amma ta tanadi takalma, don za su suɗe, ta tanadi haƙuri, don shekaru ake magana. Kafin nan, takarda tana hannunsa.

Yaji kuwa ba ya jiran kotu. In ya daɗe a ajiye ƙamshinsa tafiya yake.

Don haka ta zauna a tsakar gidan da ta sauka, ta jiƙa tsumma, ta riƙa ɗaukar roba ɗaya-ɗaya tana kankare sunan uwarta da farcenta.

Turmin ne yake fara ɓarewa. Sunan ya fi taurin kai.

Ta fita da su tsirara, babu suna, babu uwa, ta karyar da su a bakin titi.

Wata dattijuwa ta saya, ta lakata ta ɗanɗana, ta yi atishawa, idonta ya kawo ruwa.

"Kai, 'yar nan, hannunki da albarka. Wannan ya kusa kamo na Inna Dubu na da. Ki dage, wata rana za ki kai."

Tsahara ta ce, "Amin, Baba."

Me za ta ce?

Ranar Juma'a bayan an sauko, aka yi zaman dangi a gidan Hambali. Kawu na zaune a kan darduma, tsufa ya cinye shi, abincinsa da maganinsa duk daga aljihun ɗansa suke fitowa. Tsofaffi mata biyu na gefe, an kira su su yi sulhu.

Sai ga Hambali, shadda tana ƙara, turare ya riga shi shigowa.

"Baiwataaa! An zo gaishe da ubangida?"

Ba wanda ya yi dariya.

Ya yi abarsa shi kaɗai.

Tsahara ta ajiye roba biyu a gabansa, tasa mai tambari da tata mai tabon kankara.

"Ɗan Kawu, tambaya ɗaya zan yi maka. Tsaguwar nan da ke jikin turmin nan, yaushe ta tsage?"

"Oho. Ni masassaƙi ne?"

"Ranar sunana. Tana dakan yajin jegon kanta, don babu mai yi mata. Kawu na nan, shi ya ɗaura wayar."

Kawu ya sunkuyar da kai.

"To, tarihi mai daɗi," in ji Hambali. "A Abuja dai ba su tambaye ni wannan ba."

"Amana na ba ka."

"Ni kuma ɓoye miki na yi? Sau nawa na faɗa miki, da bakina, gaban mutane? Goggo Ladi ga ki nan, ba a gabanki na ce sunan nan zai dawo aljihuna ba?"

Tsohuwar ta motsa baki. "Ka faɗa, amma ai..."

"Shi ke nan. Na faɗa, ta yi dariya. Ni laifina ne ta ɗauka wasa ne?"

Ɗayar tsohuwar ta fara abin da aka kira ta ta yi: a yi haƙuri, jini ba ya tsinkewa, kar a kai ɗan'uwa kotu duniya ta zage mu, duk abin da ya samu ai gida ya samu.

Hambali ya gyara zama, ya yi murya irin ta masu kyauta a masallaci.

"Ni ba mugu ba ne. Ki koma ki riƙa daka min, kina turowa a buhu, ni ina zubawa a robata ina liƙa tambarina. Kin ga kin huta da wahalar kasuwa. Ko kuma ki nemi wani sunan, sunaye sun ƙare ne a duniya?"

Tsahara ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba.

"Hambali, ba sunan kanti ba ne. Sunan uwata ne. Goggonka. Ita ta goya ka shekarar da uwarka ta kwanta ciwo. Sunanta ne tun ranar da aka raɗa mata shi."

Ya karkata hula. Sannan ya ɗago da fuskar mai neman gaskiya tsakani da Allah.

"To ita Goggon, ta yi wa sunan nata rajista ne kafin ta rasu?"

Fanka tana juyawa.

Carbin Kawu ya tsaya a hannunsa.

Darasi:

Iyakar da ba ka gani da ido, doka tana ganin ta. Ko da harshenku ɗaya, ko da kabarin kakanka yana can, ranar da kayanka suka tsallaka wata ƙasa, kai baƙo ne, sunan kayanka kuma maraya ne sai ka yi masa rajista a can.

Ka yi ta kafin kaya su sauka, ba bayan sun yi farin jini ba. Ka yi ta da sunanka, ba da sunan mai karɓar maka kaya ba, ko da nono ɗaya kuka sha. Wanda ya fi kowa sanin darajar tambarinka shi ne wanda yake ganin yadda ake rububinsa.

Kuma in mutum ya maimaita wasa ɗaya sau uku a kan dukiyarka, daina dariya. Sanarwa yake ba ka.

Ki tura wa ƙawarki mai turaren wuta da ke aika kaya Yamai. Ka tura wa ɗan'uwanka mai kilishi da ke cewa "ai yaron gidanmu ne yake karɓa a can".

Ku tura wa taubasanku ma. Wanda ya karanta bai ce komai ba, ku nemi lauya.