Ishbel Mai Kai Mutane Kan Tudu

Kullum da safe Ishbel Tulloch takan buɗe ɗakin shan maganin tsibirinmu, ta auna jinin tsofaffi, ta wanke raunin masunta. Da hantsi kuma sai ka hangi motarta ta nufi tudun tumaki, da mutum ɗaya a gefenta.

Ba mu da likita a nan. Wanda ya kamu da ciwon sanyi ko wata cutar da ake ɗauka wajen kwanciya, likitan babban gari ne zai rubuta masa magani daga nesa, a aiko a jirgin ruwa. Ƙa'ida ta ce sai likitan ya ga fuskarsa ta waya, ya ji bayani daga bakinsa. To, madalla. Amma masu ƙa'idar sun taɓa tambayar inda waya take kamawa a tsibirin nan? Wuri biyu ne kawai: tashar jirgi, inda kowa ɗan uwan kowa ne, da ƙwanƙolin tudu. A tasha mutum zai tsaya yana faɗin inda yake masa ƙaiƙayi?

Shi ya sa Ishbel take kai mutum tudu, ta bar masa motar, ta koma nesa ta tsaya cikin ruwa da iska har ya gama.

Sakayyar da muka yi mata ita take ƙona mini rai. Magnie mai shago ya taɓa ce mata a gaban jama'a, "Nas, yau kuma mijin wa za a kai shan iska?"

"Layinka bai zo ba tukuna, Magnie," in ji ta. "Auna mini sukari."

Aka yi dariya, amma maganar ta bi gari har kunnen mijinta, ya tattara ya koma gidan ƙanwarsa tsawon lokacin sanyi. Da ta buɗe baki da ta wanke kanta, sai dai asirin wani magidanci zai tonu. Ta zaɓi ta rufa masa asiri. Magidancin da kansa ya gaya mini, yana hawaye.

Ishbel, ke ce rufin asirin tsibirin nan. Ranar walimar ajiye aikinki an yi ta yabon kek ɗinki, mutanen da kika taimaka suna zaune cike da zaure, ba wanda ya iya miƙewa. To ni na miƙe a madadinsu: mun gode, kuma mun ji kunya.

Sabuwar nas tana nan tafe, yarinya ce, ko aure ba ta yi ba. In ba za ku iya tsayuwa a ruwa kamar Ishbel ba, ku dai kama bakinku.