Sunan da Dalhatu Bai Taɓa Kira Ba

Dalhatu sankira ne a wani ƙauye ta wajen Rurum, ƙauyen da ke kwance a gindin bangon dam. Muryarsa ce ta sanar da ɓatan akuya da ranar allurar yara, ita ta yi shelar zaɓe, ita ta yi shelar shigowar Shari'a. Suna ɗaya ne bai taɓa fita daga bakinsa ba: Saudat, 'yarsa ta fari. Kunya ta hana. "Yarinyar nan" yake ce mata. Tun da ta auri Zailani mai tumatir, ta tare a gidan da ya fi kowanne kusa da rafi, bai taka ƙofarta ba.

Wata shekara ma'aikatan ruwa suka zo gwaji. Suka ce da zarar jiniya ta yi kuka, Dalhatu ya zaga da shela, kowa ya hau dutsen gabas, kamar dam ya ɓalle. Sai ranar ta dace da kasuwar Kibiya, maza sun watse tun da safe.

Jiniya ta yi kuka, Dalhatu ya buɗe murya. Tsofaffi suka fito suna dogara sanda, yara na tsalle kamar ranar salla. Matan aure kuwa ko ɗaya. Wa za ta fita ba izinin mai gida? Ta kan katangar Zailani, Dalhatu ya ji ana lugude, ba a ko tsaya ba. Ma'aikata suka raba lemo, suka tafi.

Da yamma Zailani ya durƙusa ya gai da Dalhatu a hanya.

"Ka ba yarinyar nan izini tun yanzu," in ji Dalhatu. "Ko ba ka nan, ta ji jiniya ta fita."

"Haba Baba, ai wasan gwamnati ne. In na gasken ya zo a aiko min, ga acaɓa."

"Ruwan zai tsaya jiran acaɓa?"

Zailani ya sunkuyar da kai yana murmushi. "To Baba, za a duba."

Har yau ana dubawa. Damina ta nutsa, ruwa ya hau bangon, baƙi ƙirin, ba ya motsi. Dalhatu ya daina cin kasuwa. Duk ranar kasuwa yana gindin tsamiyar da ke kallon ƙofar Zailani, leɓɓansa na motsi. Masu wucewa sun ɗauka tasbihi yake yi. Sunan yake koya wa bakinsa, don kada ranar ta zo ya maƙale masa a wuya.