Mangwaron da Jemage Ya Ɗanɗana

Shekarar da malamai suka yi ta yajin aiki, ana rigimar siyasa a rediyo safe da yamma, aka rufe mana lise, wato lakwal ɗinmu ta sakandare, Baba ya tura ni Jiratawa wurin Kaka. Darasin ƙarshe da mushe, wato malaminmu, ya yi mana a kan Ebola ne da danginta, kuma ni in na koyi abu, sai kowa ya ji shi.

Kaka na da ɗabi'a guda. Da safe takan shiga garkar Kawu ta tsinci mangwaron da jemage ya gatsa ya yar. Wai shi ya fi zaƙi, jemage ba ya kuskure. Ta goge da bakin zane ta shanye.

Na ɗauko kayena, littafin da nake rubuta darasi, na zaunar da ita. Na ce ƙwayoyin cutar nan dangi guda ne, manyan gidajensu biyu, Ebola da Marbur, gidan Ebola ma ya rabu ɗaki-ɗaki. Na zana mata su a ƙasa, sirara kamar zare, wani ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Na ce ido bai ganinsu, ba su hayayyafa sai sun shiga jikin mai rai, kuma ana zargin jemage na yawo da su, shi lafiya lau.

"To a nan wa ta kama?" in ji Kaka.

Gaskiya ban san kowa ba. Na ce ba sai mun fara da ita ba.

"Ke ɗiyar lakwal, tun ubanki bai iya tafiya ba nike shan wanga mangwaro. Zaren naki ki ɗinka riga da shi."

Kwana uku ina wa'azi, tana tsotsar ƙwallo a gabana da gayya. Rana ta huɗu haƙurina ya ƙare. Kaka mace ce da ko ruwan da wani ya kurɓa ba ta sha, a gidan biki ma da kwanonta take zuwa. Na ce, "Ashe dai kina cin saura. Mai kwana kai ƙasa ya lashe ya rage miki, da yawunsa da komi. Bari mu je bikin suna a Tibiri, in faɗa wa ƙawayenki."

Ta dubi mangwaron, ta dube ni.

"Ja'ira. Mi ya sa ba ki faɗi haka tun farko ba, kina ta zane-zane?"

Ta wurga shi bayan danga, ta ce tunda na iya baki, gobe ni zan hau icen in tsinko mata wanda ba a taɓa ba. Ni na yi ta hawa har aka buɗe lise.