Tiyon Athol da Farantin Glenys

Duk wanda ya san garin Geeveston ya san Athol Griggs, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan mai jar hular ulu da ke baje akussa da allunan yanka nama a kasuwar ƙarshen mako, wanda in ka taya kayansa sai ya fara ba ka tarihin bishiyar tukuna. Shekara talatin da huɗu ya yi a injin yankan katako na bakin kogi. A can ya baro kan yatsansa na hagu da rabin jinsa, ya dawo gida da fansho da taurin kan da kowa ya shaida.

A bayan gidansa, tsakanin bishiyoyin tuffa da kejin kaji, akwai rumfar kwano da ya gina da hannunsa. Nan yake wuni. 'Ya'yansa biyu sun yi nisa, ɗaya a Hobart, ɗaya ta ƙetare teku zuwa Melbourne, kuma bai taɓa kukan kaɗaici ba. Da ya karya kumallo sai ya shige rumfa ya kunna injin sassaƙa, ya kunna injin zuƙe ƙura, duniya ta yi masa daidai. Ƙarfe goma matarsa Glenys za ta ajiye masa shayi a kan kututturen bakin ƙofa ta buga kwanon rumfar da cokali, ta koma. Mutumin nan ba ya neman komai bayan wannan.

Injin zuƙe ƙurar tsohon hannu ne, ya same shi daga wata makaranta da ta rufe ɗakin kafintocinta. Da tiyonsa ya zo, wani toka-toka mai faɗin inci huɗu, wanda ya bi ta bayan teburin aiki ya lotsa ƙasa kafin ya tashi zuwa bakin injin sassaƙa. Shekara goma sha tara ke nan, duk inda ya huje sai Athol ya naɗe shi da salatif, in wurin ya yi gardama ya ƙara da waya. Mutanen kwarin nan ba sa yar da abin da zai ɗinku, shi kuwa Athol ya fi kowa. Abokinsa Merv, tsohon direban motar gungume da ke leƙowa duk ranar Talata, yakan ce yanzu salatif ne ke aikin, tiyon rakiya kawai yake yi. Athol kan mayar masa da cewa ɓarawon fensir ba shi da bakin magana, don ya daɗe da yanke hukuncin cewa Merv ne ke kwashe masa fensira a aljihu.

Da sanyin watan Yuli, wato tsakiyar hunturu a can, tari ya kama shi ya ƙi saki. Glenys ta tisa ƙeyarsa zuwa asibiti, ta kuma shiga ɗakin likita tare da shi, don ta san in shi kaɗai ya shiga zai fito ya ce an ce lafiyarsa ƙalau. Likitar ta saurari ƙirjinsa, ta tambayi irin katakon da yake aiki da shi. Da ya ambaci baƙin katakon dajinsu sai ta ajiye biro. Ta ce garin wannan katako ba ya shiri da huhu, ko dai iskar rumfar ta gyaru ko shi ya bar rumfar.

Glenys ba mai dogon surutu ba ce. Washegari ta ɗauko wani shuɗin faranti daga kabad, ta goge shi tas, ta ɗora a kan kantar rumfar.

"Ga alƙalinmu," in ji ta. "Duk yamma zan zo. In na iya rubuta sunana a kansa da yatsa, ka faɗi. Mako biyu na ba ka, tsoho. Bayan nan kwaɗo zan sa wa ƙofar, makullin kuma ba za ka san inda yake ba."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, don ya san Glenys ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

Ranar farko ya ƙara salatif. Da yamma ta rubuta sunanta ɓaro-ɓaro, har da ja masa layi. Rana ta uku ya zazzage buhun injin ya wanke matacinsa, ta sake rubutawa. Merv ya ce masa ya daina wahalar da kansa, akwai sabon tiyo a wani shago a Huonville, mai santsin ciki, garai-garai har kana hango abin da ke wucewa. Athol ya kawo hujjoji iri-iri. Wai na zamani ba sa ƙarko, wai nasa ya san hannunsa, wai laifin iskar hunturu ne. Duk ba su ne ba. Tsoro yake ji. Muddin tsohon tiyon na nan, yana da abin ɗora wa laifi. In ya sa sabo farantin ya sake yin ƙura, shi ke nan, rumfa ta tafi, kuma bai san me zai yi da hannuwansa daga safe zuwa yamma ba.

Sai da kwana goma suka wuce sannan ya shiga motar Merv suka tafi Huonville, yana ta ƙunƙuni har suka dawo.

Cire tsohon ya fi sayen sabon wuya. Dole suka janye teburin aikin da bai motsa ba tun ran da aka kafa shi. Da Athol ya kama tiyon ta wurin lotsawar sai ya ji nauyi kamar buhun dankali. Ya sa wuƙa ya farke. Garin katako ne ya daskare a ciki ya cinye fiye da rabin hanya, ga guntayen itace, ga tsumma, ga murfin kwalba. Sai kuma fensira suka fara zubowa, gajeru da dogaye, wasu da alamar haƙoransa a jiki.

Merv ya tsuguna ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya jera a kan tebur cikin natsuwa.

"To, mutumina, ga ɓarawonka nan. Shekara nawa kana zagina a gaban jama'a? Ina jiran ban haƙuri, kuma da giya mai sanyi nake son sa."

Idon Athol kuwa na wani wuri. A lungun da teburin ya rufe akwai wata kujerar kaba, an tula mata guntayen katako, ƙura ta mayar da ita launin ƙasa. Ta Glenys ce. Ya tuna lokacin da takan shigo da shayinsu su biyu, ta zauna a kanta da saƙarta, yana aiki tana ba shi labarin gari ko yana ji ko ba ya ji. Ya nemi ranar da ta daina a cikin kansa ya rasa, kunya ta kama shi.

Da ta zo buga kwano sai ya fito ya tambaye ta yaushe ta daina shigowa.

"Shekara tara," ta ce. "Idona ne ke ƙaiƙayi, in kwana ina atishawa. Sau biyu na gaya maka. Injin yana kunne, ba ka ji ba."

Sun ɗaura sabon tiyon a sama, miƙe sambal, babu lotsawa. Da aka kunna injin sai da ya fizge jar hular Athol, wadda Merv ya kara a bakin tiyon don gwaji. Athol ya tsaya yana kallon garin katako na gudu a ciki kamar ruwa a kwata, ya ce ba laifi, wanda a bakinsa babban yabo ne. Tsohon tiyon kuwa bai yar ba, ya yanka shi gunduwa-gunduwa ya zura wa 'yan dashen tuffa don kada zomaye su ci bawonsu.

Ya wanke kujerar da ruwan sabulu, ya shafa mata mai, ya ajiye ta kusa da taga. Kwana uku Glenys na zuwa da yamma tana jan yatsa a kan farantin tana duba shi a haske. Ba ta ce ya ci ba, ba ta ce ya faɗi ba, shi kuma ya kasa tambaya.

Ranar da mako biyu suka cika, ƙarfe goma ta yi bai ji bugun cokali ba. Ya kashe inji ya juya, sai ya gan ta a cikin rumfar da kofi biyu a hannu. Ta sauko da shuɗin farantin daga kan kantar, ta juye biskit a kai ba tare da ta goge shi ba, ta ja kujerarta ta zauna.

"Bar shi a kashe tukuna," ta ce. "Akwai labarin shekara tara da ban ba ka ba."