Gonar da Yaya Ilu ya bari ta huta

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Ilu makwancinsa a ƙauyenmu da ke bayan Baure. Allah Ya jiƙansa. Na so in zauna in jero alherinsa kamar yadda aka saba, amma wallahi raina a jagule yake, sai ku yi mini uzuri.

Yayana manomi ne mai taurin kai. In ya ga gona ta gaji, sai ya bar ta saura damina biyu ko uku, ya gayyato Fulani su sauka da shanunsu su zuba mata taki. Nakan tsokane shi cewa ya fi tausayin gona a kan jakinsa, shi kuwa ko a jikinsa.

A shekarar da gonarmu ta gado take hutawa ne masu awo suka zo, wai ana binciken man fetur a yankin iyaka. Suka tarar da sabara da shanu. Yaya ya shimfiɗa musu tabarma a gindin gawo, ya sa aka dama fura. Suka tambaye shi ko akwai mai noma wurin, ya ce a'a, hutawa take. Gaskiya ya faɗa. Su kuma suka rubuta cewa daji ne, filin gwamnati.

Ni ne na yi boko a gidanmu, ina koyarwa a Daura. Na taɓa ce masa mu yi wa gonar takarda, ya ce, "Haba Sani, kaf garin nan wa bai san iyakar Baba ba? Wa zan nuna wa takarda?" Na yi dariya na bar maganar. Wannan sakacin nawa ne, kuma shi ke cina har yau.

Ya rasu bai san abin da aka rubuta ba. Matarsa Lantana da 'ya'yansu suka ci gaba da noma, gonar kuwa ta ba da gero sai ka rantse ba ƙasarmu ba ce. Bara waccan wani kamfanin mai ya iso da motoci, aka kafa waya tun daga bakin burtali har ta haɗiye gonar.

Ina ne ban je ba? Kamfani ya ce gwamnati ta ba shi. Sakatariya ta ce maganar mai ta fi ƙarfinta. Jami'in da aka turo ya saurari kokenmu, a motar kamfanin ya zo, a cikinta ya koma. Diyya ta masu gona ce, mu kuwa a takardarsu babu gona. 'Yan siyasar da suka cika mana kunne cewa mu ma mai ya zo mana, yanzu wayoyinsu a kashe. Har yau ko ɗigon man ba mu gani ba, sai masu gadi.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan. Na san shi, ba zai zagi kowa ba. Zai tsaya a bakin wayar nan ya yi ta kallon ƙasa, ya ce a yi haƙuri. Ni haƙurin nan ya ƙare mini, Yaya.

Abin da ya rage mana nasa shi ne irin geronsa, wanda ya yi shekaru yana zaɓa zangarniya zangarniya. Damina biyu Lantana tana ɓoyonsa a tulu da toka, tana jiran a buɗe waya. Na roƙi aron gona, kowa tasa ta yi masa kaɗan. Ranar Alhamis aka yi ruwan shuka, gari ya fita da sungumi. Da na isa gidan Yaya, na tarar da Lantana a bakin turmi, rumbu ya daɗe da ƙarewa.

Ta ce, "Malam Sani, yara ba za su ci jira ba."

Irin take surfawa. Na buɗe baki in hana ta, na rasa gonar da zan nuna mata, ta ci gaba da daka.